Randar Atika da Bashin Maigandi

Duk wanda ya zauna wajen Ƙofar Marke a Sakkwato a farkon mulkin Nasara ya san Atika mai kaɗin zare. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, yatsunta kullum fari fat da alli. Matan unguwa sukan ce miyarta da ruwan wanke kwano uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma ba ƙarya suka yi mata ba. Sai dai ba da rowa aka haife ta ba, bashi ne ya koya mata.

Mijinta Maigandi majemi ne. Ya karɓi kuɗi a hannun wani dillalin fata mai suna Arzika, keso huɗu na kuɗin wuri, kowane keso zambar ashirin, wato dubu ashirin, ya sayi fatun jajayen awaki ya jiƙa a ruwan toka. A makon nan Nasara suka shigo gari. Kowa ya ja iyalinsa ya yi daji, Maigandi ma ya bi. Da ya dawo, sai ya tarar fatun sun narke, wari ya hana shiga majema. Bai sake miƙewa ba, bayan shekara biyu ya rasu, bai bar komai ba sai wuƙaƙen aiki.

Da aka fito da gawa, liman ya yi tambayar da aka saba kafin salla: akwai wanda yake bin mamaci bashi? Arzika ya ce shi yana bi, ya faɗi adadi. 'Yan'uwan Maigandi kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Labari ya shiga cikin gida, Atika ta aiki ƙanwarta Iyatu bakin zaure.

"Yaya ta ce a gaya ma liman ta ɗauka," in ji Iyatu. "Ta ce a yi mai salla, bashin nan wuyanta shike."

Tun tana yarinya Atika ta ji malamai suna cewa mamaci ba ya samun sakewa a kabari muddin ana bin sa. Wannan magana ita ta zauna mata a rai. Ba ta taɓa kiran sunan mijin nan ba yana raye, bayan ya mutu ma sai dai ta ce "mutumin nan", amma ta ƙudura ba za ta bi shi lahira ta same shi a ɗaure ba.

Da ta fita takaba manema biyu suka zo. Da suka ji zancen keso huɗu, ɗaya ya tuna yana da tafiya Kwanni, ɗayan ko sallama bai yi ba. Atika ta ce sun rage mata ɗawainiyar tuwo. Ta jawo taskira da mazari ta zauna. Da kanta take gurzar auduga, ta shiɓe, ta kaɗa, ta kai wa masaƙa. Abin da ta samu sai ta raba uku: kashi ɗaya na ciki, ɗaya na Arzika wanda take kai masa ranar Juma'a, ɗaya kuma ta zuba a wata tsohuwar randa da ta binne a ƙarƙashin gadonta. Kashin ciki shi ne ƙarami. Ta daina cin goro, nama sai ranar layya in maƙwabta sun aiko. Zanenta ya sha faci har ba a san asalin launinsa ba.

Randar nan ita ce ta fi damun Iyatu.

"Yaya, ana bin ki kina binne kuɗɗi? Ki kwashe ki kai ma Arzika, ki rage nauyi mana."

"Ke dai ba ki gane ba," in ji Atika. "Mutumin nan ba ragganci yak kashe shi ba. Ranar da abu yal lalace, ba shi da ko wuri guda aje. In ciwo ya kama ni gobe, wa za ni ma roƙo? In ƙara wani bashi bisa wanga?"

A nan kam ta fi Iyatu gaskiya. Inda ta yi kuskure daban ne. Nasara sun kawo kuɗinsu na ƙarfe, sule da sisi da kwabo da anini, aka ce da su za a riƙa biyan haraji. Sannu a hankali 'yan kasuwa suka fara juya wa wuri baya. Iyatu ta yi ta fama da ita ta tono randar ta canza tun da sauran daraja. Atika ta yi tsaki.

"Baƙi na. Yadda sunka zo haka za su tahi, su kwashe ƙarhensu. Wuri ko tun kakanninmu shi aka sani."

Ba ita kaɗai ta yi wannan lissafi ba, rabin tsofaffin garin haka suka zata. Ita har ta wuce su: in masaƙi ya biya ta da anini, sai ta bi kasuwa ta canza shi zuwa wuri, tana murna an ba ta da yawa, ba ta tambayi dalilin arahar ba.

Shekara takwas tana wannan hali, ta biya keso uku, saura ɗaya. Sai damina ta ƙi. Gero ya bushe tun bai fid da kai ba, mutanen ƙauye suka cika gari, masaƙa suka daina sayen zare don babu mai sayen zane. Atika ta ce ga ranar da take jira ta zo. Ta ja gado, ta tona randa, ta ƙirga: keso guda da ɗan ɗori. Ta cika ƙwarya ta nufi 'yan hatsi da ƙarfin zuciya.

Na farko ya leƙa ƙwaryar ya yi dariya. Na biyu ya ce, "Inna, sule muka so. Wanga ko mai haraji ba shi amsa tai." Wani mai canji ya yi mata lissafin randar gaba ɗaya, abin da zai ba ta bai wuce geron 'yan kwanaki ba. Ta tsaya a tsakiyar kasuwa da ƙwarya a kai, ta tuna goron da ba ta ci ba da naman da ba ta saya ba. Ranar ta yi kuka, ita da ba a ga hawayenta ba tun rasuwar Maigandi.

Ta koma gida ta zauna a gaban randar. In ta canza, za ta ci tuwo kwana kaɗan, kuɗin su ƙare, bashin yana nan. Mutane kuwa suna ta mutuwa a unguwa, ba ta da tabbacin za ta ga kaka. Washegari ta ari jaki, ita da Iyatu suka ɗora wurin suka kai ƙofar Arzika.

Arzika ya tsufa, cinikin fata ya koma hannun masu hulɗa da kamfanin Turawa, rigarsa ta yi masa yawa. Ya dubi kayan, ya dubi Atika.

"Malam Arzika, ga cikon," in ji ta. "Na san ba shi da daraja yanzu. In ba ka amsa, ba ka yi laihi ba."

Arzika ya miƙe. Sannan ya kira maƙwabta biyu su shaida.

"Wuri nib ba Maigandi, wuri anka maido man. Ku shaida, ba ni bin shi komi. Allah shi jiƙan shi."

Atika ta koma da randa wayam, ta shiga cin tafasa da dusa tare da sauran talakawan gari, Allah kuma ya sa ta ga kaka. Iyatu ta ce to, yanzu sai a huta, a sa daddawa a miya. Ina! Juma'ar farko da ta sayar da zare, sai ga ta a ƙofar Arzika da anini uku.

"Atika, bashi ya ƙare, da shaidu," in ji shi.

"Gaban shaidu ya ƙare. Amma abin da kab ba mutumin nan ya sayi hwatu, abin da nib ba ka ko tiya goma ta gero bai saye ba. Ni ban iya kwana da wagga."

Ya ƙi, ta ajiye a kan tabarma ta tafi. Juma'a ta gaba ma haka. Daga baya ya daina ƙi, don gaskiya gidansa yana bukata. Randar ma ta koma ƙarƙashin gado, amma yanzu ƙarfen Nasara ake zuba mata, Atika tana zubawa tana harararsa.

Bayan shekara shida ta kwanta ciwon kwana kaɗan ta cika. Iyatu ta tona randar, ta sami likkafani na zaren da Atika ta kaɗa da hannunta, da kuɗin masu haƙa kabari a ƙulle a tsumma, da na sadakar uku. Ba a nemi ko anini a wurin kowa ba.

Aka fito da ita, liman ya tambaya ko akwai mai bin ta. Shiru. Ya sake tambaya, shiru. Sai Arzika ya dogara sandarsa ya miƙe da ƙyar.

"Liman, babu mai bin ta. Ita ka bi na, kuɗɗin da tak kawo man bayan bashi ya ƙare. Ku hwaɗa man wanda za ni ba."