Malam Sahabi da Kwamfutoci Arba'in

Gidan su Malam Sahabi a Ƙofar Dundaye gidan karatu ne tun kaka da kakanni. Kakansa ya yi alƙalanci, mahaifinsa ya shekara arba'in yana ba da karatu a zaure, yayyensa biyu ɗaya limami ne, ɗaya yana koyar da Larabci. Da aka zo rabon ilimin gidan sai aka tarar ya ƙare kafin a iso kan Sahabi. Abin da ya samu shi ne ɗakin littattafai. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar shi ke kaɗe wa littattafan kakansa ƙura, ya mayar da kowanne cikin gafakarsa ta fata, ya ɗaure, ya jera, ya kulle. Ko gara ba ta taɓa samun sa'arsa ba. Shekara talatin yana wannan hidima, bai taɓa kuskuren buɗe ɗaya ya ga abin da ke ciki ba. In ɗalibi ya zo aro, sai ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce, "Ka dawo Laraba." Ranar Laraba kuwa ba a samunsa gida.

Haka yake a komai. Babur ɗinsa ya shekara shida, ledar da ya zo da ita daga kanti tana nan a kujera, ta yi baƙi, ta yage, an ɗaure ta da roba. Kujerun falonsa ma cikin leda suke, baƙo ya zauna lokacin bazara sai ya tashi da ƙara kamar ana yage takarda.

Da ƙyar ya samu takardar malanta a zama na uku, aka tura shi wata firamare a bayan Ƙofar Kware. Can ma ya yi suna. Shi kaɗai ne malamin da ake ba kwalin alli a farkon zango ya mayar da shi a ƙarshe kusan cike, yana murmushi yana jiran yabo. Darasinsa guda ne: a maimaita na jiya. Na jiya kuwa maimaicin na shekaranjiya ne.

Ana nan sai wata ƙungiya ta kawo wa makarantar kwamfutocin hannu guda arba'in, da majigi, da sola a kan rufi, aka gyara ɗaki guda aka sa fanka biyu. Hedimasta Attahiru, mutumin da bai taɓa yanke shawarar da za ta hana shi barcin rana ba, ya duba malamansa ya ga wanda in an cire shi daga aji ba wanda zai lura.

"Malam Sahabi, kai ad da riƙon amana," in ji shi. "Ga mabuɗi."

Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa yi wa Sahabi kyauta irin wannan ba. Mabuɗin nan ya raba shi da aji uku, ajin da ke da yara tamanin da bakwai da taga ɗaya. Ya ba shi ɗaki mai fanka, ya ba shi suna, Shugaban Sashen Fasaha. Ya kuma sani sarai, ranar da mabuɗin ya bar hannunsa aji uku na nan na jiransa, don ba wanda ya ɗauke shi.

Aka tura shi bita ta kwana uku a wani otal. Ya ci shinkafa, ya yi gyangyaɗi cikin sanyi, ya dawo da jaka mai tambari da satifiket da kalma ɗaya, "dijital". Satifiket ya shiga gilashi ya hau bango. Kalmar kuwa ta shiga ko'ina. In an tambaye shi lafiyar iyali ma sai ya ce komai yanzu ya koma dijital.

Sannan ya shiga gyaran ɗaki. Ya shimfiɗa kafet, ya manna takarda a ƙofa cewa a cire takalmi. Majigin ya lulluɓe shi da ƙyalle mai aiki irin na kan talabijin. Kwamfutocin kuma ya bar kowace cikin ledarta da kwalinta, ya kawo tsohuwar adakar ƙarfe ta mahaifiyarsa ya jera su ciki, ya sa aka ɗora adakar can saman kabad, dab da kwanon rufi, inda ɓera ba ya kaiwa, ruwa ba ya kaiwa, yara ba sa kaiwa. Wutar sola ba ta tafi a banza ba: tana juya fanka, tana dafa masa shayi, tana cajin wayoyin malaman da ke gaishe shi da kyau.

Yara kuwa suna da haƙƙinsu, bai hana su ba. Lokacin hutun tara sukan taru a taga su leƙa adakar.

In manyan baƙi sun zo yakan sauko da guda biyar, ya zaɓi yara biyar masu tsabta, a wanke musu hannu da omo, su riƙe kwamfutocin a kashe, su sunkuyar da kai kamar masu nazari, a ɗauki hoto, a karɓe. Hoton nan ya yi yawo. Har cikin rahoto ya shiga.

Mutum ɗaya ce ta hana shi sakat, Malama Karimatu mai koyar da kimiyya a aji biyar. 'Yar mahauta ce daga cikin gari, ta tashi tana ganin ana feɗe sa, ba ta da ƙyanƙyami kuma ba ta da tsoron gemu. Wata tsohuwar waya gare ta mai fasasshen gilashi, da ita take nuna wa yara saba'in hotuna, benci-benci, har ƙararrawa ta kaɗa ba ta kai layin baya ba.

"Malam, ina son guda goma," ta ce masa wata safiya daga bakin ƙofa. "Awa guda tak. Ina koya musu yadda zuciya ka harba jini."

"Zuciya?" in ji Sahabi, bai ko ajiye kofin shayi ba. "Kowa na da tashi ga ƙirji. Su aza hannu su ji."

"Malam, don su anka kawo kayan ga."

"Ɗiyan ga? Waɗanda ka cin awara da yaji su shahe hannu ga riga? Malama, ke san darajar abin ga kuwa? Rubuto takarda."

"Na rubuto ukku."

"To rubuto ta huɗu. Waccan ba ki sa kwanan wata ba."

Ta leƙa ɗakin, ta dubi kafet, ta dubi ƙyallen majigi, ta shaƙi turaren wuta.

"Wai Malam, kayan makaranta na ko jeren amarya na? In buki za a yi ka hwaɗa muna mu yi anko."

Ya ce Allah ya shirye ta. Ta ce amin, tare da shi. Takarda ta huɗu ta zo, ya huda ta, ya sa cikin fayil tare da 'yan'uwanta, don shi ba ya zubar da takarda.

Bazara biyu suka wuce a kan adakar nan. Wanda ya san Sakkwato a watan huɗu ya san abin da kwanon rufi ke yi da tsakar rana, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Sahabi yana ƙasa fanka na kaɗa shi, yana ɗaga kai lokaci-lokaci ya dubi adakar da ƙauna.

A shekara ta uku takarda ta zo cewa ƙungiyar za ta aiko a duba yadda makarantu suka yi da kayan. Sai kuma labari ya iso cewa wata makaranta a Sabon Gari, wadda aka ba irin kayan rana ɗaya da su, ta fasa guda tara. Ranar nan Sahabi bai zauna ba. Ofis-ofis ya bi.

"Tara! Kun ji? Tara sunka hwashe! Mu kau ko ƙwarzane babu. Ranka shi daɗe, in ba a ba mu lambar yabo ba, to babu adalci ƙasar ga."

Hedimasta ya gyaɗa kai, ya ce dama ya san wanda ya ba mabuɗi.

Ranar Talata da hantsi mota ta tsaya. Wadda ta fito Hajiya Lubna ce, jami'ar ƙungiyar, 'yar Kano, doguwa mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Sahabi ya sha babbar riga mai sitaci, ya rataya katin bita a wuya. Ta karanta takardar ƙofa, ta cire takalmi, ta shiga. Hedimasta ya bi ta, malamai suka cika ƙofa, Karimatu a gaba.

Maza biyu suka sauko da adakar, suna yarfe hannu don zafin ƙarfen. Sahabi ya yi bisimilla ya buɗe, ya ja da baya don Hajiya ta ga aiki. Ga kwalaye a jere, fes, kamar yau aka sauke su daga mota.

Hajiya ta ɗauki na sama. Murfin kwalin ya ɗan tasa. Ta buɗe. Kwamfutar da ke ciki ta kumbura kamar fanke, gilashin ya rabu da jikinta, ledar ta narke ta manne. Ta buɗe na biyu, haka. Na uku, haka.

"Malam, mene ne wannan?"

Sahabi ya leƙa. Bai taɓa sanin ƙarfe na kumbura ba.

"Hutu na, Hajiya," in ji Karimatu daga ƙofa. "Ƙiba sunka yi."

Wani malami ya yi tari ya fita waje. Hajiya ta ci gaba da buɗewa. Guda goma sha uku zafi ya dafa musu batir. Ta ɗauki ɗaya daga na ƙasa, waɗanda suka tsira, ta nemi wurin caji. Sai da aka cire butar shayi. Aka jira. Can sai fuskar kwamfutar ta yi haske, ta yi marhabin, ta ce a zaɓi harshe.

Hajiya ta cire tabarau.

"Malam, wannan ba a taɓa kunna ta ba."

Nan Sahabi ya ji ƙafarsa ta taka ƙasa. Ya gyara riga, ya dafa ƙirji.

"Ko sau guda, Hajiya! Allah shina gani. Dut arba'in ɗin, babu wadda hannun yaro yat taɓa tana kunne. Ki tambayi kowa."

"Shekara biyu da rabi?"

"Da wata guda," ya ce, don kada a rage masa lada.

Ta dube shi irin kallon da likita ke yi wa wanda ya zo da kwalbar magani cike yana ƙorafin bai warke ba. Ta nuna majigi ta ce ya kunna. Ya yaye ƙyallen a hankali, ya zagaya na'urar sau biyu, ya danna wani wuri da ba maɓalli ba ne, ya ce ai komai dijital ne, sai an bi a sannu.

"Jiya ina Sabon Gari," in ji Hajiya. "Sun fasa tara, gaskiya ne. Sauran duk sun yi dauɗa, wata har da manja. Amma wata yarinya 'yar aji huɗu ta buɗe mini taswira, ta nemo Sakkwato da yatsa, ta nemo unguwarsu. Ku kun kashe goma sha uku ba wanda ya koyi ko harafi ɗaya." Ta juya ga Hedimasta. "Abu biyu ne. Ko in kwashe sauran yau in kai inda ake amfani da su, ko mabuɗi ya koma hannun wanda zai shiga aji da su gobe. Akwai?"

Hedimasta Attahiru, wanda ya shekara biyu yana cajin wayarsa a ɗakin nan, bai ko haɗiyi yawu ba.

"Hajiya, ni na daɗe ina hwaɗa mai. Ga Malama Karimatu nan, takardunta huɗu na cikin fayil. Malam Sahabi, ba ta mabuɗi. Aji ukku babu malami yanzu haka."

"Ranka shi daɗe, kai da bakinka kac ce ni ad da amana!"

"Awo. To amanar ta ƙare. Kawo."

Sahabi ya tsaya. Ya dubi fanka, ya dubi kafet. Sannan ya juya ya fuskanci bango, ya tattare babbar riga, ya shiga lalube. Sai a ranar malamai suka san inda mabuɗin yake kwana: a mazagin wandonsa yake ɗaure, ƙulli a kan ƙulli, na tun ranar da aka ba shi. Gumi da wanki sun mayar da ƙullin kamar dutse. Ya ja da farce, ya ƙi. Ya sunkuya zai sa haƙori, tumbi ya hana. Hajiya Lubna ta mayar da tabarau ta shiga karanta satifiket ɗin bango da natsuwa, kamar akwai abin karantawa.

Karimatu ta buɗe jaka ta ciro rezar fiƙe fensir, ta miƙa wa Hedimasta.

"Ranka shi daɗe, ba shi. Ɗiya na jirana."

Aka ji ƙit. Mabuɗi ya faɗo kan kafet da guntun mazagi a jikinsa. Karimatu ta ɗauka da yatsa biyu, ta nannaɗe shi cikin takarda kafin ta sa a jaka, ta leƙa waje ta ƙwala wa 'yan aji biyar kira su zo su yi layi, kowa da takalminsa.

Malam Sahabi ya fito yana riƙe da wando ta cikin aljihun riga. Hedimasta ya cusa masa alli a ɗaya hannun, ya nuna masa hanya kamar bai san ta ba. Ya ratsa filin makaranta da ƙananan taku, rana na dukan hularsa. Yara tamanin da bakwai suka miƙe suka gaishe shi da ƙarfin da ya girgiza tagar nan guda. Ya duba inda zai zauna ya samu ya ɗaure abin da ya rage, sai ya tarar an daɗe da ɗauke kujerar malami daga ajin. Haka ya tsaya jingine da bango, hannu ɗaya a ƙugu, har aka kaɗa ƙararrawar tashi.