Layuka Goma Sha Ɗaya na Babanki

Rubuta, amma kar ki gyara mini magana. Labarin goggonki Auta ne.

Shekara shida ke nan tana ɗakin baya, teburi ɗaya, fanka mai ƙara, da kwamfuta biyu. Akwai babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda kowa ke ɗauka kyauta. A cikinta akwai tafinta, mai juya rubutun mutum ya koma abin da na'ura ke ganewa. Su kompaila suke ce masa. Masu asalin tafintan suna can wata duniya, duk wata shida su fito da sabo. Aikin Auta ta ɗauko shi, ta daidaita shi da babbar manhajar, ta gwada har ya zauna.

Aikin marigayi babanki ne ta gada. Ya bar wani gyara a cikin tafintan, layi goma sha ɗaya, da sunansa a sama. Duk sabon da ya zo sai ta sake liƙa gyaran da hannu.

Bana ta same ni a tsakar gida, ta ce, "Baba, za a cire gyaran Yaya. Masu asalin sun karɓe shi cikin nasu, ba sai na ƙara liƙawa ba."

Na ce, "Kin taɓa ganinsu?"

"A'a."

"Mutanen da ko ta'aziyya ba su zo ba?"

Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Na yi shekara talatin a gareji, na san yadda ake karɓe aikin mutum a ce an taimake shi. Na ce kar ta taɓa. Ta kuwa tsaya, mako biyu, abokan aikinta na ta aiko mata saƙo.

Daga baya ta bugo mini takarda, wai ga gyaran babanki da sunansa a wurin masu asalin. To ni da takarda? Ita ta bugo, ita za ta karanta? Na naɗe, na kai wa mai kemis. Ya karanta sunan ɗana, har da nawa a baya. Na ƙara gaba wajen tela, ban gaya masa komai ba. Shi ma haka ya karanta.

Na dawo na ce ta cire. Ta cire ranar Alhamis, ta fito idonta ja, ta ce fanka ce.

Yanzu juya shafi. Ga takardar, kwafe mini layukan nan goma sha ɗaya da biro, a hankali, in saka a akwatina. Waɗancan mutanen har yau ban ga fuskar ko ɗaya ba.