Keken da Alhaji Ya Yi Ta Sakawa a But

Ni direba ne. Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa motar wani ofishin jakadanci a New York, ban taɓa goge ko madubin wani ba. A farkon shekarun casa'in, likitan da ofis ke tura mu wurinsa duk shekara ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya duba, ya sake ɗaurawa, sannan ya ajiye bironsa. Ya ce jinina ya hau. Ba zai sa hannu a takardata ba, amma ya ba ni wata uku. In na dawo jinin bai sauka ba zai rubuta abin da ya gani, kuma direban da aka rubuta wa haka ba ya sake riƙe sitiyarin ofis. Ya ce in sha ƙwaya, in rage gishiri, in motsa jiki.

Na tsara abin bi da bi. Ƙwaya bayan asuba. Gishiri na bar wa maiɗakina, ita kaɗai na gaya wa, na kuma ja mata kunne. Labarin direba mai hawan jini in ya shiga masallaci ranar Juma'a, ranar Litinin yana kan teburin mai gidana. Saura motsa jiki. Gudu ban yi shi ba, domin ban ga dalilin da magidanci zai riƙa gudu ba kowa ya biyo shi ba. Sai na sayi keke na hannu, mai faɗin taya da giya, na wanke shi, na sa wa sarƙar mai, na ware safiyar Asabar da Lahadi.

A unguwar University Heights ta yankin Bronx muke zaune a lokacin. Asabar ta farko ban wuce layi huɗu ba wata doguwar mota ta sha gabana. Alhaji ne, dattijon da ya riga mu duka zuwa Bronx. Shi ya tarbe ni a filin jirgi, a falonsa na kwana wata biyu, shi ya raɗa wa 'yata ta fari suna. Na sauka daga keken, don ba a gaida babba daga kan sirdi, na rusuna.

"Subhanallahi! Me ya faru? Ina motarka?"

"Tana gida, Alhaji. Motsa jiki nake yi."

"Motsa jiki," in ji shi, yana kallon ƙasa don kada ya kunyata ni. "Haka ne. Kowa da irin jarrabawarsa. Kawo keken."

Na ce ya bar shi. Na sake cewa ya bar shi. Amma a wurinmu ƙin karɓa na farko ladabi ne, na biyu kunya ce, na uku kuwa shaida ce cewa mutum yana cikin matsi sosai. Ya buɗe but ɗin motar da kansa, ya cusa keken, taya ɗaya a waje, ya mai da ni ƙofar gida. Motsa jikin da na yi ran nan shi ne ɗaukar keken zuwa hawa na huɗu.

Kashegari na sake hanya. Wani ɗan Zongon Kumasi mai tasi ya tsaya, ya leƙo.

"Kai, direban ambasada! Sun kore ka ne? Shiga, ba zan kunna mita ba."

Ashe Alhaji ya riga ya faɗa wa jama'a cewa duk wanda ya gan ni a keke ya rufa mini asiri. A mako uku an rufa mini asiri sau biyar. Ban taɓa ganin irin wannan zumunci ba, kuma jinina yana nan inda yake.

Na zauna da taswira, na nemi inda mota ba ta shiga. A arewa da mu akwai babban dajin shaƙatawa na Van Cortlandt. Cikinsa akwai tsohon layin dogo da jirgi ya daina bi, akwai kuma wata hanya a kan tsohuwar magudanar ruwan birni, wadda ta hau tudu ta nufi garin Yonkers ta wuce. Sai na riƙa fita da sassafe, in bi ta lunguna kamar mai laifi, har in shige cikin itatuwa.

Hanyar ƙasa ce da tsakuwa, wani wurin taɓo, wani wurin saiwoyi. Na baro garinmu ina murna na rabu da irin wannan hanya, ga shi na haye teku na zo ina nemanta a taswira. Turawan da nake haɗuwa da su sanye suke da hular kwano da wando mai kama jiki, suna shan wahala fuskarsu cike da farin ciki. Ni da wandon kaftani na ɗaure ƙafarsa da roba. Na koyi abubuwa a jere: a rage iskar taya kaɗan, a canza giya kafin hawa, kada a damƙe birkin gaba a gangara mai tsakuwa. Na ukun da gwiwata na koye shi. Can gaba, inda itatuwa suka buɗe, ana hango kogin Hudson a ƙasa, mai faɗi kamar teku, da duwatsu tsaye a ɗaya gaɓar. A nan nake tsayawa, in sha ruwa, in juyo. Ban ce wurin ba kyau ba, amma ba kallo ya kai ni ba.

Mako shida na yi haka lafiya. Abin da ban lissafa ba shi ne hanyar tana tsallaka titi a wasu wurare, kuma maiɗakina, wadda ta riƙe sirrin ciwon da kyau, ba ta ɗauki sunan hanyar a matsayin sirri ba. Ta faɗa wa Hajiyar Alhaji.

Wata Lahadi ana yayyafi, saura mako uku in koma wurin likita, na fito daga cikin itatuwa zan tsallaka titi, sai ga doguwar motar a gefe, but a buɗe. Alhaji na tsaye da lema. Na sauka, na rusuna.

"Har daji abin ya kai ka?" in ji shi. "Don kada mu gan ka? Ni ba ubanka ba ne a garin nan? In aikin ne ya lalace, faɗa mini, yau zan yi waya."

Na ga in na shiga motar nan, duk Asabar da Lahadi a nan zan same shi. Sai na faɗa masa gaskiya: awon, wata ukun, da takardar da ba a sa wa hannu ba. Na roƙe shi maganar ta tsaya tsakaninmu.

Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Hawan jini gare ka, kake hawa tudu? Mai hawan jini kwanciya yake yi! Wane irin likita ne wannan? Kawo keken."

Ya kama kan keken. Na ce, "Alhaji, ka gafarce ni." Na zare hannunsa a hankali, na hau, na tsallaka titin, na shige ɗaya ɓangaren hanyar, inda aka kafa ƙarafa don hana mota. Ina jin muryarsa a bayana yana kirana. Tun da aka haife ni ban taɓa barin babba yana magana ba. Na taka feda har saman tudu, zuciyata na bugawa, ban san ko hawan ne ko abin da na aikata ba.

Bai faɗa wa kowa ba, wannan na shaide shi. Amma Juma'a biyu yana miƙo mini yatsu kawai in mun gaisa. Ranar Talata ta farko Hajiya ta aiko da galan cike da jiƙo, zoɓo da tafarnuwa da wasu saiwoyi da aka kawo daga gida, da saƙon cewa Alhaji ya ce kofi ɗaya safe, ɗaya yamma. Na kira likita na karanta masa abin da ke ciki, ya ce zoɓon da tafarnuwar ba laifi, saiwoyin ne bai sani ba. Na tsame saiwoyin, na sa jiƙon a tsari, bayan ƙwaya. Keken kuma ban fasa ba.

Da wata uku suka cika, likita ya ɗaura abin awonsa, ya duba sau ɗaya, ya ɗauki biro ya sa hannu. Ya ce in ci gaba da duk abin da nake yi.

Daga asibitin gidan Alhaji na wuce, na zauna a ƙasa, na nuna masa takardar. Ya sa tabarau ya karanta ta har ƙasa, ya miƙo mini hannu gaba ɗaya.

"Alhamdu lillahi. Ka ga aikin jiƙo. Da ka zauna wuri ɗaya ka sha shi, da mako guda ya ishe ka."

Na ce haka ne, Alhaji. Ya ce yanzu sai in sayar da keken. Na ce to, shi ma ya san "to" na farko ladabi ne kawai.