Ranar da Na Ce wa Baffa Halo

Wata Laraba ce cikin damuna, wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, ina aji uku a firamaren ƙauyenmu kusa da Kafin Maiyaki, sabon malamin Turanci ya rubuta mana kalmar halo a allo. Ya ce da ita ake gaishe da kowa, babba da yaro, safe da yamma, kuma a tsaye, wai durƙuso ƙauyanci ne. Ya kaɗa tsumagiyar darbejiya ya ce, "Kowa ya je gida ya gaishe da babansa haka. Gobe zan tambaya."

Na taho ta cikin gonakin dawa ina maimaita ta a baki. Na tarar da Baffa, mahaifina, a zaure tare da dattawan da suka taso da shi daga tsohon garinmu da ruwan Tiga ya cinye, sun zo yi masa ta'aziyyar ƙaninsa. Jikina ya ba ni ba daidai ba ne, amma tsoron bulala ya rinjaye ni. Ban cire takalmi ba, ban durƙusa ba. Na tsaya ƙerere a kansu na ce, "Halo, Baffa."

Sai wani tsoho ya dubi Baffa ya ce, "Malam Sani, abin da ake koya musu a bokon ke nan?" Baffa bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Ya karɓi jakar littattafaina ya rataye a ƙusa, washegari ya miƙa mini igiyar awaki.

Inna ta je har makaranta ta roƙi malamin ya zo ya gaya wa Baffa cewa shi ya sa ni. 'Yar tafiya ce, in ka tsaya a ƙofar aji kana hango rumbunanmu. Ya ce ba shi da lokacin mutanen da ba su waye ba. Kafin kaka aka canza masa wajen aiki, ya ɗaure katifarsa a babur ya tafi abinsa. Ni kuwa na ƙare a kiwo da ban ruwan albasa, sai da na aje 'ya'ya uku na koma koyon rubutu a ajin yaƙi da jahilci. Har gobe in na tuna mutumin nan raina ɓaci yake. Ka zo garin mutane, ba ka tambayi yadda suke gaisawa ba, ka tura musu 'ya'yansu da barazanar bulala, sannan ka kira su jahilai.

Yanzu kowa halo yake cewa a waya, har limamin unguwarmu, ba mai ko ɗaga kai. 'Yan ajinmu wasu malamai ne, ɗaya ma likita. Ni a aji uku na tsaya, saboda na yi aikin gidan da aka ba ni.