Likita Sai-Haƙuri

Ubanta mahauci ne, kuma da gangan ya sa ta karatun likitan dabbobi. Ya ce shekara talatin yana kwantar da dabba ba ta tashi, yana so a samu mutum ɗaya a gidan da zai kwantar da ita ta tashi. Ta yi karatun, ta fi kowa a fannin fiɗa, har malaminta ya ce ɗinkinta ko tela sai ya sara mata. Tana da shekara ashirin da shida asibitin gaggawa na dabbobi ya ɗauke ta aiki.

Asibitin dogon gini ne mai baranda ɗaya. Daga ƙofa akwai bencin masu jira, sai ɗakin duba, sai ɗakin hoto, sai ɗakin fiɗa mai fitila kamar faranti, sai jerin keji. Can ƙarshe, kusa da ƙofar baya, akwai wani ɗan ɗaki mai kujera biyu da shimfiɗar roba. Nan ake kai dabbar da magani ya ƙare mata, a yi mata allurar ƙarshe. Babu likitan da ke son ɗakin. Kamar garwashi ake jefa shi daga hannu zuwa hannu, wanda ya fi ƙanƙanta ya riƙe.

A watanta na huɗu ta yi kuskuren da ya ci mata rayuwa: ta yi aikin da kyau. Wata mage ce mota ta karya wa gadon baya, mai ita tana ihu har ana ji a titi. Sabuwar likitar ta zauna a ƙasa, ta sassauta murya, ta ɗora magen a cinyar matar, ta samu jijiya a suka ɗaya. Bayan mako guda matar ta aiko da wasiƙar godiya shafi biyu. Babban likita, wanda kowa ke kira Oga, ya manna ta a allon sanarwa, ya ce wa ma'aikata su yi koyi. Ba wanda ya yi koyi. Abin da suka koya shi ne wa za a kira.

Haka aka yi shekara goma sha bakwai. Tana ɗinke kunnen kare, tana ciro ƙashin kifi daga maƙogwaro, tana matse ƙurji, amma duk aikin da ya kai a buɗe ciki na wani ne, domin a daidai lokacin ana bukatarta a ƙarshen baranda. Ta ƙware. Ta gane ba a tsayawa a kan mai dabba, ba a kallon agogo, ba a cewa "dabbar", sai a kira sunanta. A ƙafar baya take neman jijiya don ta bar wa mutum fuskar. Kalma biyu take rufewa da su, kuma su suka zama sunanta: Likita Sai-Haƙuri. Hatta a takardar jerin aiki haka ake rubutawa.

Muryar da ta sassauta ba ta sake tashi ba. Ko kuɗin tumatir ta tambaya, sai gaban mai tumatir ya faɗi. In ta ce wa mijinta, "Zauna, ina da magana," sai ya ce, "Wa ya rasu?" alhali famfon banɗaki ne ke yoyo. In ta wuce ta gaban benci, masu jira sai su jawo dabbobinsu jiki, wasu har su rufe musu ido.

Ubanta, da ya tsufa ya ajiye wuƙa, ba ya raga mata.

"Uwata, yau nawa kika kayar?"

"Uku, Baba."

"To, sana'a dai ba ta bar gida ba. Ni da wuƙa, ke da allura. Sai dai nawa ana ci."

Duk shekara tana shiga ofishin Oga ta roƙi a mai da ita teburin fiɗa. Duk shekara yana cire tabarau ya ce, "Likita, kowane jaki zai iya yanka. Abin da kike yi kuwa baiwa ce." Daga nan sai ya tafi ya ci abincin rana da masu yankan.

A shekara ta goma sha takwas aka buɗe gurbin likitan fiɗa na biyu. Sharaɗi ɗaya ne: mai nema ya nuna babban aiki guda da ya yi da hannunsa a cikin shekarar, daga yanka zuwa ɗinki. Ranar Juma'a kwamiti zai zauna. Masu nema biyu ne, ita da wani da ya zo bayanta da shekara tara, mai aiki talatin a takarda. Ita ba ta da ko ɗaya, sai daɗewa. Oga ya ce daɗewar za ta yi nauyi in an samu aikin. Wata biyu ta yi tana ƙulla zare a ƙafar kujera don hannunta ya tuna ɗinki. Ubanta ma, duk da bakinsa, ya riƙa aika wa tsofaffin abokan sana'a su kawo hanji da tumbi, ta shimfiɗa a tire ta yanka ta ɗinke, shi yana gefe yana cewa ta yi ɓarnar nama.

Ranar Talata da hantsi aka shigo da wani ƙaton kare a bargo, mutum biyu na riƙe da shi. Cikinsa ya kumbura kamar ganga, yana yunƙurin amai babu abin da ke fita. Hoto ya nuna tumbi ya murɗe. Irin wannan ba ya jira: a buɗe cikin awa ɗaya ko biyu a warware, yawanci su tashi, a bari, ba sa kai yamma. Likitan fiɗa yana kan wani aikin da ba zai fito ba sai la'asar. Abokin takararta yana hutu.

Oga ya leƙo daga ofis. "To, ga naki ya zo. In karen nan ya fita da ƙafarsa, kujera taki ce. Je ki karɓo sa hannu."

Tsohuwar nas, wadda kowa ke kira Iya, ta soma buɗe kayan fiɗa tana jerawa. Dokar asibitin ita ce wanda zai yi aiki shi ke karɓo sa hannun mai dabba. Takardun iri biyu ne, fara ta fiɗa, shuɗiya ta allurar ƙarshe. Likitar ta ɗauki fara cikin murna, ta fita.

Mai karen tsohon makanike ne, farin gashi, baƙin mai a gindin farce. Sunan karen Birki. Tsohon yana ganinta ya miƙe a hankali, ya cire hula.

"Ke ce suka turo," in ji shi. "Shi ke nan. Na gane."

Sai a lokacin ta tuna shi. Shekara goma da suka wuce ita ta yi wa uwar Birki allura, a cinyar wannan mutumin.

"A'a, Baba, ba haka ba ne. Aiki za mu yi masa."

Ta faɗa ne a zaune, gwiwa ɗaya a ƙasa, da muryar nan tata, domin ba ta da wata. Tsohon ya gyaɗa kai kamar wanda ake yi wa ta'aziyya.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ba sai kin lallaɓa ni ba. Na shekara arba'in ina gaya wa mutane injinsu ya mutu, na san yadda ake zagayawa."

"Ba zagayawa nake ba. Cikinsa ne ya murɗe, za a warware. Cikin goma, takwas suna tashi."

"Biyun fa?"

Likitan fiɗa na gaske a tsaye yake amsa wannan tambayar, yana tafiya, yana ɗaura takunkumi, ya ce "Sa hannu nan, Baba, lokaci na tafiya." Ita kuwa shekara goma sha bakwai ta yi tana koyon kada ta katse mai baƙin ciki. Ta amsa masa dalla-dalla. Wani karen jini ke ƙwace masa a kan tebur, wani kuma zuciyarsa ke tsayawa bayan kwana ɗaya.

"Ni ina ina a lokacin?"

"A benci."

"Shi kaɗai ke nan, ciki a buɗe, cikin baƙi." Ya shafa kan karen. "Ke kika ce mini, ranar uwarsa, babban abin da mutum zai yi wa dabbarsa shi ne ta tafi tana jin warin hannunsa. Ban manta ba. Duk wanda ya yi rashi ina gaya masa."

Ta faɗa, ba shakka. Ta faɗa wa mutum ya fi dubu, kuma sau da yawa gaskiya ce.

Iya ta fito da safar hannu, ta buɗe murya. "Baba, wannan kare mai tashi ne! Ka sa hannu mana, ka tsaya kana wa'azi!"

Tsohon ya dube ta sama da ƙasa. "Baiwar Allah, ke ban san ki ba. Ita na sani. Da mai tashi ne, da ba ita za a turo ba. Ko kuɗi kuke jin ba ni da shi? Ina da shi. Wahala ce ba na so ya sha."

Likitar ta ruga ofishin Oga, ta roƙe shi ya fito ya yi wa tsohon magana, minti biyu kawai. Oga bai ɗago daga takardunsa ba.

"Likitan da ba zai iya karɓo sa hannun tsoho ɗaya ba, yaya zai yi da jijiyar da ta ɓalle? Wannan ma cikin jarrabawar ne."

Ta koma. Ta gwada tsayuwa, ta gwada ɗaga murya, abin ya fito kamar kukan da aka danne, tsohon ya dafa kafaɗarta ya ce kada ta sa wa ranta damuwa, ta yi iya ƙoƙarinta. Minti arba'in suka tafi a haka. Dasashin Birki ya soma yin fari. Doka ba ta yarda a yanka dabba ba da yardar mai ita ba, kuma ba ta yarda a bar ta tana shan azaba ba. Tsohon da kansa ya nemi shuɗiyar takarda, har ya san launinta.

Suka tafi ƙarshen baranda. Ta samu jijiya a suka ɗaya. Birki ya tafi kansa a cinyar tsohon, hancinsa a tafin hannunsa, babu ko shure-shure. Iya ta ce daga baya ba ta taɓa ganin wanda ya yi kyau kamar wannan ba.

"Sai haƙuri, Baba," in ji likitar.

"Na gode, 'yata. Allah ya sa kullum a same ki a nan."

Oga ya tare ta a baranda, tabarau a hannu, fuska cike da tausayi. Ya ce kada ta ɗauki abin a matsayin faɗuwa. Ya ce yau an ba jama'a zaɓi tsakanin wuƙarta da allurarta, sun zaɓa, kuma asibiti mai hankali yana sauraron jama'a. Zai gaya wa kwamiti haka ranar Juma'a, cikin kalmomi masu kyau.

Ta shiga ɗakin fiɗa don ta cire rigar da ko ɗigon jini bai taɓa ba. Fitila na kunne har yanzu. Iya tana kwashe almakashi da wuƙaƙe daga kan koren ƙyalle tana zubawa a tire, tana tsaki.

"Duk sai an sake dafa su," ta ce. "An buɗe, an buɗe, ko ba a taɓa ba. Kashe mini fitilar nan in za ki fita."