Kayan cikin amarya a Wangsa Maju

A makarantar mishan aka koya mini cewa kayan ciki ba a shanya su inda ido zai kai, balle a ɗaga su gaban jama'a. Da wannan tarbiyya na tsufa. Na zo Kuala Lumpur jegon 'yata, annobar korona ta rufe hanya, na zauna.

A benenmu na unguwar Wangsa Maju akwai wata ɗaliba Bazazzagiya da aka sa wa ranar aure. Ana cikin kulle likitoci suka gano sankara, suka cire mata nono ɗaya. Mahaifiyarta ba ta sami jirgi ba, don haka ni na riƙa wanke mata ciwon. Ban da iyayenta da angon da ni, babu wanda ya sani, ta kuma roƙe ni a bar shi haka.

Da aka sassauta doka, ƙawayenta suka shirya mata walimar zamani: kowacce ta kawo rigar mama ko rigar barci, amarya ta buɗe, ta kara a ƙirjinta, a yi shewa, a ɗauki hoto. Suka iso da takunkumi a haɓa da ƙunshin shinkafa daga shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi.

"Amarya, cire hijabin nan mana!" in ji wata mai baki a cikinsu. "Mu ga ko na canki lambarki. Ko ango ne kaɗai mai izini?"

Aka fashe da dariya. Ita ma ta yi, amma na ga yatsunta sun damƙe bakin hijabin.

Na miƙe. "'Yan mata, ga ƙa'ida. Kyautar kayan ciki a naɗe ake bayarwa, a naɗe ake karɓa. Ba a tambayar lamba, ba a gwadawa, waya kuma tana cikin jaka."

"Haba Mama, wasa ne fa. Zamaninku ya wuce."

"Ya wuce, ni ce ban wuce ba tukuna. Ku miƙo."

Na bi su na karɓi kyaututtukan, na kai uwar ɗaka. Walima ta mutu. Suka ci abinci, suka tafi da wuri. A bakin ƙofa na ji ɗaya tana cewa tsohuwar nan ta ɓata musu yini. Gaskiya ta faɗa. Yaran sun daɗe a kulle, kuma da kyakkyawar niyya suka zo.

Da muka rage mu biyu, amarya ta kwance ƙunshin kyauta na farko. Jan leshi ne, ɗinkinsa babu makusa. Ta kara a ƙirjinta. Gefe ɗaya ya zauna, ɗayan ya lotsa.

"Na gode, Mama," ta ce, hawaye na zuba. "Amma da sun gani, da wata ta rungume ni."

Na ce mata ba su yi nisa ba, kira ɗaya zai dawo da su. Ta dubi wayarta, ta daɗe, sannan ta girgiza kai ta kifar da ita.