Kunnen Malam Rakoda

Tun yana ɗan ƙarami ake ce masa Rakoda, kuma sunan ya bi shi har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, yana da wani ɗan ƙuntataccen shago a bakin titi, cike da rediyoyi marasa murfi da warin ƙonanniyar waya. Duk waƙar da ta fito daga rediyon da ake gwadawa, ko da rabinta ne, yaron zai maimaita ta tsaf, har da ƙugin da rediyon ya yi a tsakiya. Uban ya kan ce da a ce yaron nan yana cin batir, da tuni ya sami mai saye.

Da wannan kunnen ya koyi busa sarewa, da shi ya koyi jita, da shi kuma ya lallaɓa fiyano har ta saba da yatsunsa. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ga yadda ake yi. Da ya gama makarantar horon malamai, lissafi aka ɗauke shi ya koyar a wata firamare. Amma mutumin da yake sa yara su rera jadawalin sau da murya biyu ba ya daɗewa a ajin lissafi. Aka share masa wani tsohon sito a ƙarshen ginin, aka zuba benci, aka turo masa wata fiyano mai mataccen maɓalli ɗaya, aka ce ga ɗakin kiɗa. Koyarwarsa ba ta da wata sarƙaƙiya: shi ya rera, su maimaita. A haka ya kwashe shekaru masu yawa, kuma yana son ɗakin nan fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa.

Wata safiya Hedimasta ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, ya tambayi iyali sau biyu. Nan Rakoda ya sha jinin jikinsa.

"Malam, doka ce ta sauka daga sama," in ji Hedimasta. "Duk mai koyar da kiɗa da waƙa sai yana da digiri a fannin. An ba tsofaffin malamai wa'adi su je su yi. Wanda bai kawo ba, a ba wani ajin."

"Ni kuma fa, ranka ya daɗe?"

"Kai ba za a kore ka ba. Lissafi yana nan yana jiranka."

Rakoda ya fito yana murmushin yaƙe. Da a ce korar ce ma, da ya san irin kukan da zai yi. Amma ya riƙa wucewa ta ƙofar ɗakinsa kullum, yana jin wani yana taɓa masa fiyano, wannan kam zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ya nemi gurbi a jami'a, a tsarin masu aiki da ke zuwa ƙarshen mako.

Gwajin shiga bai ba shi wahala ba. An ce ya buga abin da ya iya, ya buga har masu gwajin suka manta da shayinsu. Sai da aka fara karatu ya ga ashe digirin nan ba biki ba ne. Akwai tarihin kiɗa, akwai ilimin halayyar yara, akwai dabarun koyarwa da jagorancin mawaƙa, dole ka ƙware a kayan kiɗa biyu, sannan a bi ka har aji a ga yadda kake koyarwa. Duk waɗannan ya daure ya ci su, yana zaune cikin 'yan samari da 'yan matan da ya kusa haifa, suna kiransa Baba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, wato rubutun kiɗa: layuka biyar a jere, da baƙaƙen ɗige-ɗige a kansu kamar kashin ɓera. A shekarar ƙarshe za a miƙa maka takardar waƙar da ba ka taɓa ji ba, ka rera ta nan take. Wanda ya faɗi wannan, ko ya cinye sauran duka, ba shi ba digiri.

Rakoda ya san sunayen alamomin, ya haddace su kamar kowa. Amma idan aka raba takarda a aji, sai ya zauna can ƙarshen layi. Kafin a zo kansa mutum uku ko huɗu sun rera, kunnensa ya riga ya kwashe. Sai ya miƙe, ya kafa wa takardar ido, yana bin ta da yatsa kamar gaske, ya rera fiye da kowa. Ba ya ma ɗaukar abin a matsayin ha'inci. A ganinsa, tunda waƙa ta fito daidai, me ya rage?

Malamar wannan darasi wata 'yar siririyar tsohuwa ce mai tabarau a kan hanci. Ɗalibai suna ce mata Dakta Sake, domin ba ta da kalmar da ta wuce wannan. Ba ta faɗa, ba ta yabo, kuma ba a taɓa ganin ta taimaki wani da fiyano ba. Shi ya sa aji ya yi mamaki ranar da ta raba sabuwar takarda ta ce, "Yau bari in buga muku sau ɗaya." Ta buga. A tsakiyar waƙar, inda takarda ta ce a hau, ita sai ta sauka. Tana gamawa ta ce, "Malam na ƙarshen layi, bismilla."

Rakoda ya miƙe da ƙarfin gwiwa. Ya rera da murya mai daɗi, idonsa a kan takarda, yatsansa yana tafiya, kuma da ya zo wurin nan ya sauka luf, daidai yadda ta buga. Wata yarinya a gaba ta cusa kanta cikin jaka, kafaɗunta suna rawa.

Bayan an tashi Dakta ta tsayar da shi.

"Malam, nuna mini a takardar nan inda waƙar ta sauka."

Ya duba, ya sake dubawa. Ɗige-ɗigen sun hau sama a fili, ko yaron ajinsa zai gani.

"Na daɗe ina kallonka kana cin gumin maƙwabtanka," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, yaran da na koyar ba sa ƙirguwa. Har yau in sun gan ni a hanya waƙoƙina suke rera mini."

"Ban musa ba. Kunnenka ya fi nawa, kuma ba ni da abin da zan ƙara masa. Idonka ne bai taɓa aiki ba. Ranar jarrabawa kuwa babu maƙwabci, kai kaɗai za ka shiga."

Ya fito ransa a ɓace, ya fi jin haushin cewa gaskiya ta faɗa. Daga ranar ya koma layin gaba, yana toshe kunne da auduga idan wasu suna rerawa. A gida ya buɗe littattafan waƙoƙin da bai sani ba. Sai wata matsalar ta fito. Da ya karanta alama uku ko huɗu, kunnensa zai ce ai na gane inda aka nufa, ya ƙarasa sauran da kansa, kamar mutumin nan da ba ya barinka ka kai ƙarshen magana. Sau da yawa ya kan dace, domin waƙoƙin mutane suna da hanyar da suke bi. Amma dace ba karatu ba ne, kuma ya san Dakta Sake ba za ta ba shi waƙa mai bin hanya ba.

Wata Asabar da yamma ya dawo ya zube a kujera, ya ƙi taɓa abinci. Matarsa tela ce, kekenta yana nan a falo kusa da taga, ƙasa duk ƙyallaye da zare. Allah ya ba ta hannu, amma bai ba ta murya ba. Lokacin da 'ya'yansu suke jarirai, in ta rera musu waƙar barci sai su ƙara kuka.

"Baban yara, wa ya mutu?" ta tambaya, ƙafarta tana kan keke.

"Ni ne. Zan je in gaya wa Hedimasta a ba ni lissafin."

Ta tsayar da keken, ta ɗauki takardar da ya yar, ta juya ta sama da ƙasa.

"Wannan ɗige-ɗigen ne ya hana ka cin abincina? Ai ko ni zan rubuta irinsa."

Ta jawo takardar da take yanka samfurin riga, ta ɗora rula, ta ja layuka biyar. Sannan ta bi su da biro tana ɗiga baƙi duk inda hannunta ya faɗa, wannan a sama, wancan can ƙasa, ba tare da ta san me ɗaya yake nufi ba.

"Ga waƙata. Rera mini."

Rakoda ya yi dariya duk da baƙin cikinsa. Don ya faranta mata rai ya karɓa, ya rera alama ta farko, ya rera ta biyu. Kunnensa ya yunƙura zai ƙarasa kamar yadda ya saba, sai ya rasa abin kamawa, domin babu wata waƙa a duniya da take tafiya haka. Dole ya tsaya ya ƙirga layi, ya ga tazarar da ke tsakanin wannan ɗigo da na gaba, ya nemo sautin da kansa. Abin da ya fito daga bakinsa ba ya sauraruwa. Ya jawo 'yar fiyanonsa mai batir ya gwada, ya tarar kusan rabi ya yi daidai. Ya daɗe yana kallon takardar, domin ya san wannan rabin idonsa ne ya kawo shi.

"Maman yara," ya ce a hankali, "ƙaro mini wata."

Haka suka kafa aiki. Kullum da safe, kafin ta hau keke, sai ta zana masa waƙar ranar. Da ta ji cewa alama mai wutsiya tana sauri, wadda cikinta fari ne kuma tana jan lokaci, sai abin ya shige ta, ta riƙa zuba wutsiyoyi kamar tana yi wa riga ado. Shi kuma ya tsaya tsakar ɗaki yana fama. 'Ya'yansu suka koyi fita makaranta da wuri. Maƙwabciyarsu ta shigo wata rana, ta ja matar gefe, ta tambaya cikin tausayi ko jikin Malam ne ya motsa. Ita kuwa ta ce a'a, waƙoƙinta ne yake koyo, kuma daga yau a riƙa gaishe ta da girmamawa.

Wata da watanni ana haka. Rabi ya koma kashi uku cikin huɗu, har aka kai ranar da ya rera takarda guda daga farko zuwa ƙarshe, fiyano ba ta ƙaryata shi ko sau ɗaya ba. Waƙar tana nan da muninta, amma ranar sai da ya ɗaga matarsa sama, tana ihu a sauke ta kada allura ta soke shi.

Ranar jarrabawa aka kira shi shi kaɗai. Ɗakin babu kowa sai Dakta Sake da wani baƙon malami da aka gayyato daga wata jami'a. Aka ba shi sautin farko a fiyano, aka miƙa masa takarda. Waƙar ta fara da daɗi, tana tafiya sumul, kunnensa har ya fara raɗa masa cewa ai daga nan sauka za a yi. Rakoda ya yi banza da shi, ya dubi takarda. Ɗigon ya yi tsalle ne zuwa sama, wani wuri da babu mai hankalin da zai zata. Bayan abin da ya sha a hannun matarsa, wannan tsallen wasan yara ne. Ya haye shi lafiya, ya bi sauran har ƙarshe.

Baƙon malami ya gyaɗa kai yana rubutu. Dakta ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta.

"Wa ya koya maka?"

"Matata, ranki ya daɗe."

"Mawaƙiya ce?"

"Ko kusa. Tela ce."

Tsohuwar ta dube shi, gefen bakinta ya ɗan motsa. "To ka gaishe ta. Ka karanta, Malam. Je ka."

Ya fita yana tafiya kamar ƙasa ba za ta ɗauke shi ba. Sauran sharuɗɗan suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, har aka sa masa doguwar riga da hula mai tuntu, ya karɓi digirinsa kafin wa'adi ya cika. Hedimasta ya riƙe takardar da hannu biyu ya ce ɗakin kiɗa nasa ne har ya gaji.

A zangon da ya biyo baya, wata safiya Hedimasta yana zagayen azuzuwa ya ji ƙarshen ginin shiru. Bai saba ba, don haka ya leƙa ya ga ko lafiya. Rakoda yana tsaye gefen allo, hannunsa fari fat da alli, ya ja layuka biyar ya cika su da ɗige-ɗige. Yara cike da benci sun kafa wa allon ido, leɓunansu suna motsi. Waƙar tasa ce, a daren jiya ma ba ta wanzu ba, da safen nan ya tsara ta a kan hanya, kuma bai rera wa kowa ita ba. Ya taɓa maɓalli ɗaya a fiyano, ya ɗaga hannu, ya sauke.

Yaran suka ɗauka. Sun yi tuntuɓe a layi na biyu, suka gyara da kansu, suka wuce. Rakoda ya harɗe hannu a ƙirji, bakinsa a rufe, yana jin waƙarsa a karo na farko daga bakin waɗanda ba su taɓa jin ta ba. Daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa, kuma bai damu ya goge ba.

Hedimasta ya matso ya yi ƙasa da murya. "Malam, yau kai ba za ka rera ba ne?"

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Rakoda. "Yau ni ne mai saurare."